Percy Julian: Jikan bayi da ya fitar da maganin mata daga man waken suya

Percy Lavon Julian ba likita ba ne, amma sunansa na cikin jerin mutanen da suka sauya yadda ake kula da lafiyar mata a ƙarni na 20. Shi dai masanin ilmin haɗa sinadarai ne, baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shafe shekaru 17 yana aiki a wata masana'antar sarrafa waken suya a birnin Chicago. A can ne ya gano hanyar samar da sinadarin furojestaron mai yawa daga man waken suya, a daidai lokacin da sinadarin ya ninka zinariya tsada fiye da sau ɗari.

Furojestaron da dangoginsa su ne a yau likitoci ke rubuta wa wasu masu ciki da ke ganin jini, da matan da al'adarsu ta rikice, da kuma waɗanda ciwon mara mai tsanani ya addaba. Kafin a iya gwada su a kan dubban mata domin a san amfaninsu da iyakarsu, sai da aka samu waɗanda suka sa suka wadata, farashinsu kuma ya faɗi. Julian na sahun gaba a cikinsu. Tarihinsa ya taɓa Najeriya ta fuska biyu: da wani wake na Kalaba ya fara yin suna, kuma irin masana'antar da ya yi aiki a cikinta ita ce ta tatsar mai da aka sani a Bompai da Sharaɗa a birnin Kano.

Ƙuruciya a Alabama

An haifi Julian a ranar 11 ga watan Afrilun 1899 a birnin Montgomery na jihar Alabama da ke kudancin Amurka, shekaru 34 bayan haramta bauta a ƙasar. Kakanninsa bayi ne. Mahaifinsa, James Sumner Julian, ma'aikacin gidan waya ne mai tantance wasiƙu a cikin jirgin ƙasa, mahaifiyarsa Elizabeth kuma malamar makaranta ce. Shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya shida, kuma iyayen sun tsaya tsayin daka har dukkansu suka yi karatun jami'a.

A wancan zamani dokokin wariyar launin fata sun raba makarantun kudancin Amurka gida biyu, kuma karatun da gwamnati ke bai wa yawancin yaran baƙaƙen fata bai wuce aji takwas ba. Julian ya ƙara da wata makarantar horar da malamai ta baƙaƙen fata a garinsu, sa'an nan a shekarar 1916 ya samu shiga Jami'ar DePauw da ke garin Greencastle a jihar Indiana. Saboda raunin tushen karatunsa, sai da ya riƙa haɗa darussan jami'a da na sakandare a lokaci guda. Ba a ba shi wurin kwana tare da sauran ɗalibai ba. A wani ɗan ɗaki a saman gidan ƙungiyar ɗalibai ya samu mafaka, inda yake raba abinci da hura wutar ɗumama gida a madadin kuɗin haya. Duk da haka, da aka yaye su a 1920, shi ne ya zo na ɗaya a ajinsa.

Daga Harvard zuwa Vienna

Abokan karatunsa fararen fata sun samu guraben ƙaro ilmi a manyan jami'o'i, shi kuwa aka ba shi shawarar ya nemi aikin koyarwa a makarantar baƙaƙen fata. Ya koyar na shekara biyu a Jami'ar Fisk, daga bisani ya samu tallafin karatu a Jami'ar Harvard, inda ya kammala digiri na biyu a 1923. Sai dai Harvard ta ƙi ba shi aikin taimaka wa malamai wajen koyarwa, wanda shi ne hanyar da ɗalibai ke bi su kai ga digirin digirgir, bisa fargabar cewa ɗalibai fararen fata ba za su yarda baƙar fata ya koyar da su ba.

Bayan ya koyar a wata kwaleji a jihar West Virginia da kuma Jami'ar Howard da ke birnin Washington, a shekarar 1929 ya samu tallafin gidauniyar Rockefeller ya tafi Jami'ar Vienna a ƙasar Ostiriya. A can ya yi karatu a hannun Ernst Späth, wanda ya shahara wajen nazarin sinadaran magani da ake samu a cikin tsirrai. Julian ya laƙanci Jamusanci, ya kuma karɓi digirin digirgir a 1931, inda ya zama baƙar fata na uku a Amurka da ya kai wannan mataki a fannin.

Komawarsa Howard ba ta zo da daɗi ba. Rikici ya ɓarke tsakaninsa da wasu abokan aiki, wata jarida kuma ta buga wasiƙun sirri da ya rubuto daga Vienna, a cikinsu har da sukar wasu malaman jami'ar. Ala tilas ya ajiye aiki a 1932. Tsohon malaminsa William Blanchard ne ya jawo shi ya dawo DePauw a matsayin mai bincike, shi kuma ya gayyato abokinsa na Vienna, Josef Pikl, suka ci gaba da aiki tare.

Waken Kalaba

A yankin Kalaba, a jihar Kuros Riba ta yanzu, akwai wani wake mai dafi da al'ummar Efik ke kira esere. A zamanin da akan tilasta wa wanda ake zargi da maita ko wani babban laifi ya sha shi: idan ya amayar ya rayu a wanke shi, idan ya mutu a ce laifinsa ne ya kama shi. A tsakiyar ƙarni na 19 Turawan mishan suka aika da waken birnin Edinburgh, inda likitoci suka lura cewa ruwansa na tsuke ƙwayar ido. A 1864 wasu masana a Jamus suka ware sinadarin da ke yin wannan aiki, aka sa masa suna fisostigmin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1870 an fara amfani da shi wajen rage hawan jinin ido, cutar da ke makantar da mutum sannu a hankali.

Shekaru 70 suka shuɗe babu wanda ya iya haɗa fisostigmin a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ake ganin zai fara yin haka shi ne Robert Robinson na Jami'ar Oxford, ɗaya daga cikin manyan masanan fannin a duniya, wanda daga baya ya karɓi kyautar Nobel a 1947. Julian da Pikl suka bi tasu hanyar, kuma da suka gwada ɗaya daga cikin sinadaran da suka haɗa a kan hanya, sai suka tarar zafin da ke narkar da shi ya saɓa wa abin da Robinson ya wallafa. Julian ya fito fili ya rubuta cewa kuskuren na Robinson ne, alhali ya san idan shi ne ya kuskure, sunansa ya ɓaci ke nan. Da suka kwatanta nasu da wanda aka samo daga waken Kalaba na ainihi, sai suka zo daidai. A 1935 suka sanar da kammala aikin.

A cikin wannan bincike ne Julian ya ci karo da wani abu da zai yi masa rana. Ya lura da wasu ƙananan ƙwayoyi farare da suka fito a cikin man da ya tatsa daga waken. Sitigmasterol ne, ɗaya daga cikin sinadaran tsirrai da ake kira siterol, wanda masanin Jamus Adolf Windaus ya fara warewa daga wannan wake a 1906. Ana kuma samun sa a cikin waken suya.

Aiki a kamfanin fenti

Nasarar ba ta sa hukumar DePauw ta ba shi kujerar farfesa ba. Kamfanin DuPont ya gayyace shi ganawa, amma da suka ga launin fatarsa sai suka janye. Wata cibiyar binciken takarda a garin Appleton na jihar Wisconsin ta so ɗaukarsa, sai aka tuna cewa garin na da wata tsohuwar ƙa'ida da ta hana baƙar fata kwana a cikinsa. A wannan hali ne ya auri Anna Roselle Johnson a watan Disambar 1935, wadda ita ma a 1937 ta zama mace baƙar fata ta farko a Amurka da ta yi digirin digirgir a ilmin zamantakewa.

A 1936 wani mataimakin shugaban kamfanin fenti na Glidden, W. J. O'Brien, ya ɗauke shi a matsayin daraktan bincike na sashen waken suya a Chicago. Ba a saba ganin baƙar fata yana shugabantar masana fararen fata a wani babban kamfani ba. Aikin da aka ɗora masa shi ne ya nemo duk abin da za a iya sayarwa daga waken. Ya kammala tsarin fitar da furotin ɗin waken mai tsabta, wanda aka yi amfani da shi wajen shafe takarda da haɗa fenti. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma da wannan furotin aka yi kumfar kashe gobarar mai da fetur, wadda sojojin ruwan Amurka suka dogara da ita a cikin jiragensu.

Mene ne furojestaron?

Jikin ɗan Adam na da wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini su kai saƙo ga wasu gaɓoɓin. Biyu daga cikinsu, istirojin da furojestaron, su ne ke juya al'adar mace. A kowane wata, bayan ƙwai ya fita daga ma'ajiyarsa, gurbin da ya bari kan zama wani ɗan ƙulli mai launin rawaya, wanda ke fitar da furojestaron. Shi ne ke gyara shimfiɗar cikin mahaifa domin ta karɓi ciki. Idan ciki bai shiga ba, bayan kimanin mako biyu sinadarin ya ragu, shimfiɗar ta zube, shi ne jinin haila. Idan kuwa ya shiga, sinadarin ya ci gaba da riƙe shi, har mabiyiya ta karɓi aikin fitar da shi kafin ƙarshen wata na uku.

George Corner da Willard Allen na Jami'ar Rochester ne suka tabbatar da wannan a 1929, ta hanyar gwaji a kan zomaye. A 1934 wasu rukunonin masana suka ware sinadarin tsantsarsa, cikinsu har da Adolf Butenandt na Jamus, wanda sai da aka tattaro ma'ajiyar ƙwai ta aladu dubu 50 kafin ya samu abin da bai wuce miligiram 20 ba. A wannan shekarar masanan Jamus suka nuna cewa ana iya juya sitigmasterol ya koma furojestaron, amma samun sitigmasterol mai yawa ya gagara. Wasu kamfanonin Turai ƙalilan ne suka riƙe kasuwar, suna haɗa shi daga sinadaran jikin dabbobi ta hanya mai tsawo da tsada. Likitoci na da kyakkyawan zato cewa zai taimaki mata masu yawan ɓari, sai dai babu isasshensa da za a gwada, balle a bai wa talaka.

Ruwa a cikin tankin mai

Wata rana a shekarar 1939 aka kira Julian aka shaida masa cewa ruwa ya yoyo cikin wani tanki mai cin galan dubu 100 na tataccen man waken suya, wani farin abu kuma ya daskare a gindin tankin. A idon ma'aikata wannan asara ce kawai. Da Julian ya duba sai ya gane irin ƙwayoyin nan ne da ya gani a man waken Kalaba shekarun baya. Ruwan ya tattaro siterol ɗin da ke warwatse a cikin man ya ajiye su wuri guda, abin da masana suka daɗe suna neman hanyar yi.

Gano abin mataki ne na farko. Sai da shi da ma'aikatansa suka mayar da wannan tsautsayi tsari na yau da kullum, suka samo dabarar raba sitigmasterol da sauran danginsa, sa'an nan suka ƙera na'urorin da za su juya shi ya zama furojestaron a ma'auni na masana'anta. A 1940 Glidden ya aika wa kamfanin magunguna na Upjohn da kaso na farko, giram 454, a cikin mota mai sulke. Kuɗinsa ya haura dala dubu 60, alhali zinariya mai wannan nauyi a lokacin ba ta wuce dala 500 da 'yan kai ba.

Ba Julian kaɗai ne ya karya farashin ba. Wani Ba'amurke mai suna Russell Marker ya gano hanyar samar da sinadarin daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko, kuma a 1944 aka kafa kamfanin Syntex a kan wannan dabara. Gasa tsakanin hanyar wake da hanyar doya ce ta kawo ƙarshen kaka-gidan kamfanonin Turai. Zuwa farkon shekarun 1950 ana sayar da giram ɗaya ga masu saye da yawa a kan ƙasa da rabin dala.

Abin da likitoci suka gano

Da sinadarin ya wadata, sai bincike a kan marasa lafiya ya kankama. Matsala ta farko ita ce furojestaron na wancan lokaci ba ya aiki sosai idan an haɗiye shi, sai dai allura. A 1951 Luis Miramontes da Carl Djerassi da George Rosenkranz na Syntex suka haɗa wani ɗan'uwansa mai suna noretisteron da ake iya sha. A 1957 hukumomin Amurka suka amince da irin waɗannan ƙwayoyi domin gyara rikicewar al'ada, a 1960 kuma domin tazarar haihuwa.

Waɗanda suka fi cin moriyar wannan ci gaba sun haɗa da mata masu cutar endometiriyosis. Cuta ce da wani nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifar, a kan ma'ajiyar ƙwai ko bututunsa ko bangon mara. Yakan kumbura ya yi jini a duk wata, ya haifar da ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, da zafi wajen saduwar aure, wani lokaci har da rashin haihuwa. Likitan Amurka John Sampson ne ya sa mata wannan suna a shekarun 1920, kuma a da tiyata ce kusan kawai mafita. A 1958 Robert Kistner na birnin Boston ya nuna cewa idan aka ɗora mace a kan waɗannan ƙwayoyi na tsawon watanni, jikinta kan shiga yanayi mai kama da na mai ciki, ciwon kuma ya lafa. Magungunan ba sa warkar da cutar, amma har yanzu suna cikin abin da ake fara bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na shafar kimanin mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa, wato mata miliyan 190.

An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa cutar ta fararen fata masu hali ce. A 1976 wani likita baƙar fata a Chicago, Donald Chatman, ya wallafa binciken da ya nuna cewa mata baƙaƙen fata da dama na ɗauke da ita, amma ana yi musu maganin ciwon sanyi. Wani bincike da aka wallafa a 2015 daga asibitin koyarwa na Ibadan ya same ta a jikin kusan rabin matan da aka leƙa cikinsu da na'ura. Ma'anar wannan ita ce ba kowane ciwon mara ne sanyi ba, kuma wanda ya ƙi jin magani na buƙatar ganin likitan mata.

Game da ɓari kuwa, fatan da aka yi a zamanin Julian ya cika ne a wani ɓangare kawai. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2015, a kan mata 836 a Birtaniya da Holan, bai ga amfanin furojestaron ga masu yawan ɓarin da ba a san dalilinsa ba. Na biyu, a 2019, a kan mata fiye da dubu huɗu masu ganin jini a farkon ciki, ya nuna cewa waɗanda suka taɓa yin ɓari a baya su ne ke amfana. A kan haka ne a 2021 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ba da shawarar a riƙa bai wa wannan rukuni. Ba magani ne da kowace mai ciki za ta saya a kemis ta sha da kanta ba.

Kotizon, gobara da kamfanin kansa

A 1949 likitocin asibitin Mayo suka sanar cewa sinadarin kotizon na sauƙaƙa ciwon amosanin gaɓɓai, amma shi ma samunsa sai mai hannu da shuni. A wannan shekarar Julian ya fito da hanya mai sauƙi ta haɗa wani sinadari na kusa da shi daga waken suya, wanda daga baya aka riƙa amfani da ƙananan halittu a juya shi ya zama haidirokotizon. Wannan dangi na magunguna ma ya shigo ɗakin haihuwa: gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe biyar, har da Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa allurar deksametason ga matar da ke shirin haihuwar bakwaini na rage mutuwar jarirai.

Shahara ba ta kare Julian daga wariya ba. A 1947 ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta ba shi lambar yabonta mafi girma, amma da ya sayi gida a 1950 a unguwar Oak Park, wadda kusan duk mazaunanta fararen fata ne, sai wasu suka yi yunƙurin ƙone gidan tun kafin iyalin su tare. A watan Yunin 1951 aka sake jefa wa gidan nakiya. Julian ya ƙi tashi. Ya riƙa gadin gidansa da bindiga cikin dare, wasu maƙwabta kuma suka kafa ƙungiya suka mara masa baya.

A ƙarshen 1953 ya bar Glidden, wanda hankalinsa ya fi karkata ga fenti, ya kafa kamfaninsa mai suna Julian Laboratories a kusa da Chicago. Ya amince cewa doyar Meziko ta fi waken arha a lokacin, don haka ya gina masana'anta a can, amma gwamnatin ƙasar ta hana shi izinin sayen doyar. Ya nemo wata a Guatemala, ya kuma ba da shaida gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka a 1956 kan yadda Syntex ya mamaye kasuwar. A 1961 ya sayar da kamfanin ga Smith, Kline and French a kan dala miliyan 2 da dubu 300. A duk inda ya shugabanta ya ɗauki masana baƙaƙen fata aiki, a lokacin da sauran kamfanoni ke rufe musu ƙofa.

A 1973 aka zaɓe shi cikin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, baƙar fata na biyu da ya shiga. Ya rasu a ranar 19 ga watan Afrilun 1975 a garin Waukegan na jihar Illinois sakamakon ciwon dajin hanta, yana da shekaru 76. Ya bar 'ya'ya biyu da takardun mallakar ƙirƙira fiye da 130. A 1993 hukumar gidan waya ta Amurka, inda mahaifinsa ya yi aiki, ta buga kan sarki mai ɗauke da hotonsa.

Bompai, Sharaɗa da Challawa

Kano ta san harkar mai tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, lokacin da gyaɗa ta zama babbar hajar Arewa. Bompai, wadda ita ce unguwar masana'antu mafi daɗewa a birnin, ta bunƙasa da kamfanonin tatsar man gyaɗa tun ƙarshen mulkin mallaka. Bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967 aka buɗe Sharaɗa da Challawa, inda masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na abinci suka yi sansani. Fari da cutar gyaɗa a shekarun 1970 sun share dalar gyaɗa, sa'an nan ƙarancin wutar lantarki da kwararar kayan waje suka durƙusar da masana'antu da yawa. Waken suya kuwa ya samu karɓuwa: ana jibge shi a kasuwar Dawanau, ana tatsar mansa, ana sayar da tunkuzarsa ga masu kiwon kaji, ana kuma yin awara da shi a kowace unguwa.

Siterol ɗin da Julian ya gani a gindin tanki na nan a cikin wannan wake. A matatun mai na zamani yakan taru ne a cikin ragowar da ke fita yayin da ake cire wa mai wari, kuma daga irin wannan ragowa ake samo wani babban kaso na sinadaran da masana'antun duniya ke haɗa furojestaron da kotizon da su a yau. Najeriya kuwa na shigo da akasarin sinadaran haɗa magungunanta daga waje, musamman Indiya da Sin, abin da ya sa faɗuwar darajar naira kan bayyana nan take a takardar maganin da aka rubuta wa mace a asibiti.

Kafa masana'antar homon ba ƙaramin aiki ba ne, domin tana buƙatar jari mai yawa da tsayayyiyar wuta da ƙwararru. Amma abin da Glidden ya yi a 1936 bai fi ƙarfin kamfani mai matsakaicin girma ba: ya ware ɗakin bincike a cikin masana'anta, ya ɗauko masani mai zurfin ilmi, ya ba shi dama ya binciki har abin da ake shirin zubarwa. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masana sinadarai da masu haɗa magunguna a kowace shekara, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma na da likitocin mata da ke gudanar da bincike. Tarihin Julian ya nuna cewa sai da masana'anta da ɗakin gwaje-gwaje da asibiti suka haɗa hannu kafin maganin da a da sai attajirai ya kai ga sauran mata.